29 ta fi 16 a lissafi, amma ba a cikin keji ba

Ranar Lahadi 16 ga Nuwamba 2025, muna idar da sallar asuba muka dawo ɗaki da sauri, mu shida muka yi wa waya ɗaya rumfa. Mai wayar ya kwana yana tattalin caji, wani kuma ya sadaukar da datar da ya saya don furojet. Islam Makhachev ne ke karawa da Jack Della Maddalena a birnin New York. Turmi biyar aka yi, kusan duka Islam na danne da shi kamar an ɗora masa buhun siminti. Da aka ɗaga hannunsa, sai aka sanar cewa wannan ce nasararsa ta 16 a jere a UFC, wato ya kamo tarihin da Anderson Silva ya kafa tun 2012.

Daga nan musu ya tashi, muka kwashe shi har teburin mai shayi. Tambayar ɗaya ce: a tarihin damben MMA, jerin nasarorin wa ya fi? Mutum uku suka ce Khabib, babu ma abin tattaunawa, 29 babu faɗuwa. Ɗaya ya ce Kamaru Usman, don namu ne. Wani ɗan sashen lantarki, wanda kullum sai ya nuna ya fi mu daɗewa a harkar, ya ce mu duka yara ne, ba mu san Fedor ba. Ni kuwa na ce Silva. Wallahi kallon da aka yi mini kamar na zagi iyayen wani. Har aka ce wai ba ni da kishin addini, ba ni da kishin ƙasa. To tunda a wajen mai shayi mai ƙarfin murya ne ke cin musu, na ga gara in kawo maganar nan, inda ba wanda zai katse ni.

Ga waɗanda ba sa bin wasan, a taƙaice: MMA dambe ne da aka haɗa da kokawa da shuri da gwiwa da shaƙa, ana yin sa a cikin keji. Kowane turmi minti biyar ne. Wasan yau da kullum turmi uku, na kambu turmi biyar. Ana cin mutum in an sumar da shi, ko ya ji shaƙa ko murɗa ya bubbuga hannu alamar ya sallama, ko alƙalin wasa ya shiga tsakani, ko kuma a ƙirga maki. Safar hannun ƙarama ce, ba ta tare komai. Shi ya sa jera nasara a nan ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan damben boksin, inda Floyd Mayweather ya yi 50 babu faɗuwa. A boksin hannu biyu kawai kake tsoro. A MMA ƙofofin faɗuwa sun yi yawa, kana toshe wannan wata na buɗe.

Bari in fara da inda ya fi yi mini ciwo. Ni Khabib Nurmagomedov ne ya jawo ni cikin wannan wasa. Ina ɗan sakandare a watan Oktoban 2018 lokacin da ya shaƙe Conor McGregor a turmi na huɗu, bayan McGregor ya shafe watanni yana taɓa mahaifinsa da addininsa da ƙasarsa. Ranar unguwarmu kamar an ci kofin duniya. Har gobe in na ga hoton Khabib da hular gashin nan tasa ta Dagestan sai na ji daɗi. Amma Hausawa sun ce so hana ganin laifi, don haka mu ajiye son a gefe mu buɗe wannan 29 ɗin mu ga me ke ciki.

Daga cikin 29, guda 16 ya yi su ne kafin ya shigo UFC a 2012, a ƙananan wasanni a Rasha da Yukren, da mutanen da ko masu cewa sun haddace tarihinsa ba za su iya kawo sunan uku daga cikinsu ba. Ba laifinsa ba ne, kowa da haka yake farawa. Amma ɗan'uwa, in za a lissafa maka GP a nan makarantar, ana haɗawa da makin da ka ci a firamare? Abin da ya rage 13 ne a UFC. A cikin 13 ɗin, wasan kambu huɗu ne kacal. Na farkon ma, a watan Afrilun 2018, da Al Iaquinta aka yi, wanda aka ɗauko ana gobe wasa saboda abokan karawar da aka shirya sun fita ɗaya bayan ɗaya. Sai ya kare kambun sau uku: McGregor, Dustin Poirier, Justin Gaethje. Duk ukun ya shaƙe su, kuma duk ukun manya ne, ban musa ba. A wajen danne abokin karawa a hana shi numfashi, ban ga kamarsa ba. A 2013 ya kayar da Abel Trujillo sau 21 a wasa ɗaya. Sai dai akwai wasansa da Gleison Tibau a 2012 wanda ya kasa kai shi ƙasa ko sau ɗaya, kuma har yau akwai masu ganin alƙalai sun yi masa alfarma. Masoyansa ba sa son a tuna wannan.

Khabib ya ajiye wasa a watan Oktoban 2020 yana da shekara 32, wata uku bayan rasuwar mahaifinsa kuma kocinsa Abdulmanap, saboda ya yi wa mahaifiyarsa alkawari. A matsayina na ɗa, na cire masa hula. Da wuya ka sami wanda zai juya wa irin wannan kuɗi baya don maganar uwa. Amma wannan darajar mutumci ce, ba hujjar keji ba. Ya tashi daga kan tabarma tun tuwon da zafi, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ba mu ga yadda zai yi ba in ƙafa ta fara nauyi, in matasa sun shekara biyar suna nazarin bidiyonsa, in ya hau ajin nauyin da ya fi nasa. Sifilin da ke gaban 29 ɗin nan yana nufin ba a kayar da shi ba. Ba ya nufin an gama gwada shi.

Yanzu ga Silva, ɗan Barazil ɗin da ake kira Gizo-gizo. Ina ɗan shekara biyu ko uku ya fara nasa jerin, don haka ni ma a YouTube na gan shi kamar kowa. Ya shigo UFC a watan Yunin 2006 yana da shekara 31, ya gama da Chris Leben cikin daƙiƙa 49. Wasansa na biyu kawai aka ba shi Rich Franklin mai riƙe da kambun ajin kilo 84, ya riƙe masa ƙeya ya yi ta zuba masa gwiwa har hanci ya karkace. Daga ranar ya riƙe kambun kwana 2,457, kusan shekara bakwai. Mu da muke ganin shekara biyun difloma kamar ba za ta ƙare ba, sai mu auna.

Ga abin da ya sa nake cewa 16 ɗinsa daban ce. A cikinsu 11 wasan kambu ne: ɗaya ya ƙwace, goma ya kare. Uku kuma hawa ya yi zuwa ajin kilo 93 ya doki waɗanda suka fi shi jiki, har da Forrest Griffin, tsohon zakaran wannan aji, wanda Silva ya saki hannuwa ƙasa yana kauce wa naushinsa kamar yana wasa da ƙaninsa, sannan ya kwantar da shi da ɗan naushi ɗaya yana ja da baya. Kuma a cikin 16 ɗin, sau biyu kawai aka je ga ƙirga maki. Sauran 14 duk kafin lokaci aka tashi.

Wasan kambu ba ɗaya yake da sauran ba, kuma nan ne masu ƙirga lamba suke ɓata lissafi. Mai tasowa yana iya zaɓen abokin karawa, manajansa ya kauce masa wanda salonsa bai yi masa ba. Zakara ba ya da wannan gatan. Duk wanda ya fi kowa zafi a lokacin shi za a turo maka, ya zo da yunwa, kocinsa ya kwana yana kallon kurakuranka, ga turmi biyar maimakon uku. Kai kuma ka riga ka ƙoshi, ka yi kuɗi, ka yi suna, jiki ya fara tsufa. A haka Silva ya shaƙe Dan Henderson, zakaran PRIDE kuma ɗan kokawar Olamfik, a 2008. A haka ya ɗaga ƙafa ya sa wa Vitor Belfort tafinta a haɓa a 2011, shurin da har yau ake maimaitawa.

Amma wasan da ya sa na tsaya a kansa shi ne na Chael Sonnen a watan Agustan 2010. Silva ya shiga da ciwon haƙarƙari. Sonnen ya kayar da shi a turmi na ɗaya, ya hau kansa yana duka. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu haka. Naushi kusan 300 ya sha. A takardar kowane alƙali an riga an cinye shi. Saura ƙasa da minti biyu a tashi, yana kwance a ƙasa, ya harɗe wuyan Sonnen da hannunsa ɗaya a tsakanin ƙafafunsa, ya matse, Sonnen ya sallama. Wannan ne abin da babu a tarihin Khabib. Za ka ce ai don ba wanda ya iya kai Khabib wannan halin ne, kuma da gaskiyarka. Amma ni na fi yarda da wanda na ga ya faɗa rijiya ya fito da kansa.

Ba zan ɓoye aibin gwanina ba, kada a ce ni ma son ya rufe mini ido. Ba duk waɗanda ya doka ne manya ba. Patrick Cote da Thales Leites ba sunayen da za a tsorata yaro da su ba ne. Wasansa da Demian Maia a Abu Dhabi a 2010 abin kunya ne, ya yi ta zagaye keji yana tsokana ya ƙi faɗa, har jama'a suka yi masa ihu. Wannan rainin ne ma ya kashe shi: a watan Yulin 2013 ya saki hannu yana yi wa Chris Weidman wasa, naushin hagu ya same shi, ya zube. Da suka sake haɗuwa a Disamba ƙafarsa ta karye. Sai babbar magana: a 2015, bayan wasansa da Nick Diaz, an sami ƙwayoyin ƙara ƙarfi a jikinsa. Jerin nasarorin ya riga ya ƙare a lokacin, kuma ba a taɓa kama shi a cikin shekarun jerin ba. Sai dai gwaji mai tsanani na hukumar USADA bai fara a UFC ba sai tsakiyar 2015. Duk mai gaskiya dole ya bar wannan alamar tambaya a inda take. Abin da zan ce kawai, abokan karawarsa ma a zamani ɗaya suka rayu da shi. Sonnen ɗin nan da ya kusa cinye shi, bayan wasan aka same shi da sinadarin testosterone fiye da ƙima.

Wannan maganar ce ta sa ban ɗora Jon Jones a sama ba, duk da cewa in ingancin abokan karawa kawai za a duba, ya fi Silva. Yana ɗan shekara 23 ya ƙwace kambu a hannun Shogun Rua a 2011, sannan ya bi Rampage Jackson, Lyoto Machida, Rashad Evans da Belfort, dukkansu tsoffin zakaru, ɗaya bayan ɗaya. Faɗuwa ɗaya da ke takardarsa ma kore shi aka yi a 2009 don ya yi wa Matt Hamill wani bugun gwiwar hannu da doka ta hana a lokacin, dokar da aka soke a 2024. Amma shi nasa gwajin a tsakiyar tafiyar ya fashe, har aka soke nasararsa ta biyu a kan Daniel Cormier a 2017. A takarda jerinsa ya tsaya a 13. Na san bambancin da na yi tsakaninsa da Silva siriri ne, amma akwai shi.

Shi kuma ɗan lantarkinmu mai Fedor, ba shirme ya faɗa ba. Fedor Emelianenko ɗan Rasha ya yi wasa 28 ba a ci shi ba, daga ƙarshen 2000 zuwa tsakiyar 2010, kuma a ajin masu nauyi, inda naushi ɗaya ke raba gardama. Shi ba wani ƙato ba ne, in ka gan shi da ɗan tumbinsa sai ka ce direban tirela ne. Ya doke Antonio Rodrigo Nogueira sau biyu, ya doke Mirko Cro Cop a 2005 lokacin da kowa ke tsoron ƙafar hagunsa. A 2004 Kevin Randleman ya ɗaga shi sama ya soke shi da ka a ƙasa, irin kayen da za ka ce wuya ya karye, amma bai fi minti ɗaya ba Fedor ya juya ya murɗe masa hannu. Matsalar ita ce gasannin Japan irin su PRIDE suna son wasan ban mamaki. Tsakanin manyan wasannin sai a kawo masa irin su Zuluzinho, da ya gama da shi cikin daƙiƙa 26, ko Hong Man Choi mai tsawon fiye da mita biyu wanda wasan MMA ɗaya tak ya taɓa yi kafin nan. In ka tace 28 ɗin, tsakin da zai fita da yawa. Kuma bai taɓa shiga UFC ba. Duk da haka, in aka ce in zaɓi na biyu, shi zan ɗauka, ba Khabib ba. Na san wannan jimlar kaɗai ta isa a daina gaishe ni a hostal.

Saura namu. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a jihar Edo, wanda aka tafi da shi Amurka yana ɗan shekara takwas. Ya jera 15 a UFC. Ya ƙwace kambun kilo 77 a hannun Tyron Woodley a watan Maris 2019, ya kare shi sau biyar: Colby Covington sau biyu, Jorge Masvidal sau biyu, da Gilbert Burns. A watan Agustan 2022 a Salt Lake City ya shiga neman ta 16, wadda za ta daidaita shi da Silva. Abokin karawar Leon Edwards ne, wanda ya taɓa dokewa a 2015. Edwards ya ci turmin farko, Usman ya kwashe na biyu da na uku da na huɗu, yana kan cin na biyar. Mu da muke kallo mun fara tafawa. Edwards ya nuna kamar zai kai naushin hagu, Usman ya kauce ya sunkuyar da kai gefe, ƙafar hagu na jiran sa a wajen. Saura daƙiƙa 56. Ban taɓa jin ɗaki ya yi shiru irin na ranar ba, sai ƙarar fanka.

Ina kawo wannan ne don duk mai raina lamba 16 ya san nisan da ke tsakaninta da 15. Usman bai yi sakaci irin na Silva ba, bai yi wasa ba, kansa kawai ya karkata zuwa inda bai kamata ba na ƙiftawar ido. Kuma ka lura, shi ma Silva ya tsaya a daidai wannan gaɓar a hannun Sonnen, sai dai shi ne wanda ake ci, ya juya ta. Georges St-Pierre ya tsaya a 13. Demetrious Johnson, da ya kare kambu sau 11, ya tsaya a 13. Max Holloway 13. Tony Ferguson ya yi 12, sau biyar ana shirya wasansa da Khabib yana rushewa, daga baya ya faɗi takwas a jere. Wannan Ferguson ɗin shi ne hoton abin da ke jiran wanda bai tashi da wuri ba, kuma na tabbata Khabib ya san haka.

To Islam fa, da ya kamo lambar? Shi na fi jin tsoro a wannan musun. Faɗuwarsa ɗaya ce, a 2015, Adriano Martins ya sumar da shi a turmin farko, ya tashi ya gyara tsaronsa bai sake faɗuwa ba har ya kai 16. Ya shaƙe Charles Oliveira a 2022 lokacin da shi ma Oliveira ke kan nasara 11 a jere. Ya kare kambun kilo 70 sau huɗu, ya wuce ubangidansa Khabib. Ya hau kilo 77 ya ƙwace na biyu, abin da Silva bai yi ba. Amma ka ƙirga wasannin kambu a cikin 16 ɗinsa: shida ne, Silva 11. Biyu daga cikin shidan da Alexander Volkanovski ne, wanda ya hauro daga ƙaramin aji, na biyun ma bai sami ko mako biyu na shiri ba. Renato Moicano kuma ana gobe wasa aka sa shi. Goman farko na jerin Islam yana hawa tsani ne, lokacin da manya ke gudunsa. Silva kuwa tun wasansa na biyu yake zaune a saman tsanin ana girgiza shi.

Abin da ya ba ni dariya a teburin mai shayin nan shi ne, masu cewa ba ni da kishi sun tsallake Islam, wanda shi ma Musulmi ne ɗan Dagestan, wanda kuma a lamba da a kambu ya riga ya wuce Khabib a UFC. Ashe ba addinin ba ne, sifilin nan ne ke ruɗarsu. Da Martins bai same shi da wancan naushi ɗaya ba shekara goma da suka wuce, da yanzu sunansa suke ihu.

Na faɗa musu a gaban mai shayi, kuma ina maimaitawa a rubuce don kada in musa daga baya: in Islam ya ci ta 17, sannan ya kare kambun kilo 77 sau biyu a kan 'yan ajin na gaskiya masu cikakken shiri, zan sauke Silva da hannuna. Kuma shayi da burodi da ƙwai na mutum shida a wuyana, ko da na riga na bar makarantar nan sai na dawo na biya.